Baitin da Ban Rera Ba

Shekarar da aka sake buɗe makarantu bayan zaman korona, ina aji biyu a wata babbar makaranta a Talata Mafara. Muka dawo muka tarar an ajiye bokitan ruwa da sabulu a ƙofar kowane aji, an kuma kafa doka cewa ba mai yawo a harabar makaranta sai da takunkumi a fuska. A cikin gari ba wanda ya damu da wannan. Ranar kasuwa mutane na goga kafaɗa da juna, fuska a buɗe, ana ciniki ana tari. Amma makaranta ta riƙe dokar gam, har da aka ba da izinin ci gaba da wasanni, sai aka ce 'yan ƙwallo kaɗai za su cire nasu a cikin fili. Duk wanda ke gefe, mai kallo ne ko mai kiɗa, dole ya rufe baki da hanci.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Bakura, ta hanyar Dakko. Babana manomi ne, shinkafa da albasa yake yi a filayen Bakolori. Ba mutum ne mai tsanani ba. Ranar da ya fara raka ni tasha abu guda ya ce mini: "Ki yi karatunki, kada in ji sunanki bakin mutane." Tun ina ƙarama ni ce zabiya a dandalinmu in ana gaɗa, ni ke ba da waƙa sauran 'yan mata na amsawa. Da na girma aka ce ya isa, na kuwa bari. Sai dai in ina wanki ko shara waƙar takan kufce mini ban sani ba.

A wajen wanki ƙawata ta fara jin muryata. 'Yar Maradun ce, doguwa, mai yawan dariya, ɗakinmu ɗaya a hostal tun shekarar farko. Tukunya ɗaya muke ci. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita ni na riƙa dama mata kunu ina goga mata ruwa a jiki, ita kuma duk abin da aka aiko mata daga gida sai ta raba biyu kafin ta taɓa. In an ga ɗayarmu ita kaɗai sai an tambayi ɗayar.

Ita ce ta haɗa 'yan matan da ke tsayawa gefen fili suna tafi da waƙa in ƙungiyar makarantarmu na wasa. Suna da ƙarfin tafi, amma ba su da mai ba da waƙa. Ranar wankin nan da ta ji muryata, ta ajiye bokitinta ta tsaya a kaina.

"Ƙawa, da wannan muryar kike zaune muna ta kunyata a fili?"

Na ce mata ta rufa mini asiri. Garinmu ba nisa, 'yan Bakura sun cika makarantar nan, kafin in gama baiti ɗaya labari ya kai wa Baba.

"Wa zai gane ki?" in ji ta. "Ga hijabi, ga takunkumi. Idanu kawai za a gani. Kuma wallahi in dai daga bakina ne, ba wanda zai ji."

Ta bi ni da wannan magana har na yarda. Ta je wajen wani tela a bakin kasuwa ya ɗinka mana takunkumi iri ɗaya, kore da ratsin rawaya, kalar rigar 'yan wasanmu. Muka kuma daidaita a kan farin hijabi. In mun jeru a gefen fili, ko malamanmu ba sa bambance mu.

Waƙa a cikin takunkumi ba sauƙi. Kafin a je hutun rabin lokaci ƙyallen ya jiƙe da numfashi, yana manne wa leɓe, in ka ja iska sai ya shige maka baki. Igiyar tana cin bayan kunne. Murya kuma takan fito a dakushe, sai ka ɗaga ta fiye da yadda ka saba. Duk da haka ban taɓa jin daɗin wani abu a makarantar nan kamar waɗannan yammacin ba. Samari biyu na bayanmu da ganga, wani na dukan jarka da sanda, ni na ba da waƙa, 'yan mata su amsa, can sai ka ji duk 'yan kallo sun ɗauka. Nakan ƙirƙiri baiti nan take: in ɗan wasanmu ya yanke mutum in yaba masa, in na waje ya harba ƙwallo sama in tambaye shi ko tsuntsu yake farauta. Zolaya ce irin wadda wanda aka yi wa ma yakan yi dariya. Akwai ranar da ɗan ƙanen babana ya tsaya dab da ni yana rawa da waƙata, bai san ni ce ba. Da muka koma ɗaki muka yi ta dariya ni da ƙawata har cikinmu ya ƙulle.

Akwai wani abu da ya faru a gidanmu lokacin dogon hutun korona. Mutanen wani ƙauye da ke can cikin daji sun watse bayan 'yan bindiga sun shigar musu, wasu suka faɗo garinmu. Baba ya ba wata mata ɗakin da muke ajiye hatsi a bayan gida, ita da 'ya'yanta ƙanana. Mijinta bai fito da rai ba. Sun iso ko takalmi babu. Babban ɗanta yana karatu a wata makaranta a Bakura, shi ne kuma mai tsaron raga na ƙungiyarsu. Yakan zo ƙarshen mako ya duba uwarsa, ya zauna a zaure, in an kai masa abinci sai ya ce ya ƙoshi. Inna ta gane kunya ce, sai ta riƙa ba uwar ta kai masa da hannunta.

Na ba ƙawata wannan labari wata rana muna tsintar shinkafa a ƙofar ɗaki, kamar yadda nake ba ta labarin komai. Har ta share ƙwalla da gefen zanenta, ta ce Allah ya isar musu.

Ana cikin haka aka sa wasa tsakaninmu da makarantar Bakura, a filinmu. Tun azahar mutane ke shigowa. 'Yan Bakura suka zo da motoci cike da magoya baya, su ma da takunkuminsu baƙi, suka tsaya ɗaya gefen. Masu rake da masu ruwan leda suka kewaye fili. Na hango yaron nan a cikin raga yana ɗaure safar hannu, na ce a raina yau zan yi waƙata in bar shi, ko kallonsa ba zan yi ba.

Ranar kuwa ya hana mu sakat. Duk ƙwallon da aka buga sai ya kama, ko ya ture. Su kuma suka ci mu ɗaya tun kafin hutu. Da aka dawo aka juya, ragarsa ta dawo kusa da inda muke tsaye. Mutanenmu suka fara ƙufula. Can aka ba mu fenariti, fili ya ɗauki ihu, ɗan wasanmu ya buga, yaron nan ya yi tsalle ya rungume ƙwallon a ƙirji.

Na ɗaga takunkumina ta ƙasa kaɗan ina kurɓar ruwa, maƙogwarona ya bushe. Ganga ba ta tsaya ba. Sai na ji daga gefen damana an ɗaga murya a kan karin waƙar da nake yi:

"Kun gudu kun bar gida, ka gudu ka bar raga,
Ɗan gudun hijira, ina takalminka?"

Ƙawata ce. Kafaɗarta na gogar tawa, ina jin yadda jikinta ke motsi da kowace kalma. 'Yan mata suka amsa, don sun saba duk abin da aka ba su amsawa suke yi. Na damƙi hijabinta na ja, na ce, "Ke! Mene ne haka?" Ta fizge ta sake maimaitawa, wannan karon samarin da ke bayanmu suka ɗauka, ya zagaye fili.

Na ga yaron ya tsaya da ƙwallo a hannu. Bai buga ba, bai ajiye ba. Ya juyo ya dubi layinmu, fararen hijabai da korayen takunkumi, yana bin mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Sai ya saki ƙwallon ya cire safarsa ya nufi waje. Kafin ya kai bakin fili 'yan Bakura sun ƙetaro fili. Aka fara jifa da guntayen rake, aka koma duwatsu. Alƙalin wasa na ta busa usur ba mai saurarensa. An fasa wa wani ɗalibi kai, an fasa gilashin motar baƙi. Mu muka ruga hostal.

A ɗaki na tsare ƙawata. Ta ce wasa ne, so take ta rikita shi ko ma samu mu farke, ba ta zaci abin zai kai haka ba. Na ce mata yaron nan ubansa ya rasa a gudun da take yi wa waƙa. Ta ce ta sani, in yi shiru haka nan, kanta na ciwo.

Makaranta ta kafa kwamiti. Aka kira mu duka 'yan layin waƙa zuwa wani ofis, muka tsaya jikin bango. Akwai malamin wasanni, da malamin da ke kula da harkokin ɗalibai, da wata malama. Suna da bidiyon da wani ya ɗauka da waya daga nesa, suka kunna mana. Ga mu nan a jere, ana jin baitin sarai, amma muryar ta cakuɗe da ganga da ihu, kuma ba bakin da ake gani. Kowa a rufe.

Malamin harkokin ɗalibai ya ce, "Ba ma son mu hukunta ku duka. Wace ce ta fara wannan baitin?"

Ni ban yi niyyar faɗin sunan kowa ba. A zatona za mu yi shiru gaba ɗaya, a yi mana abin da za a yi mana tare. Malamin ya juya ga ƙawata, tun da an san ita ta haɗa mu.

"Ke ce shugabarsu. Wa ke ba ku waƙa?"

Ta ce, "Malam, mu amshi kawai muke yi." Ta nuna ni da hannu, ba ta dube ni ba. "Ita ce zabiya. Kowa ya sani."

Na ce, "Malam, ni ke ba da waƙa, gaskiya ne. Amma wannan baitin ba ni na yi shi ba. Ruwa ma nake sha lokacin."

"To wa ya yi?"

Na juya na dube ta, ina jira ta buɗe baki. Har lokacin ina da yaƙinin ba za ta bari ya wuce haka ba. Sai ta ce, a hankali, da murya irin ta mai ba da shawara:

"Malam, ni 'yar Maradun ce. Ina zan san labarin wani ɗan Bakura? Uwar yaron a gidansu take zaune. Ku tambaye ta in ƙarya nake."

Malamar ta tambaye ni ko haka ne. Na ce haka ne, amma ni na ba ƙawata labarin, ita ta rera. Ƙawata ta dafe ƙirji ta ce, "Haba ƙawa, ki ji tsoron Allah." Har da hawaye.

Aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke tsaye kusa da mu ranar ta ce hayaniya ta yi yawa, ba ta gane murya ba. Wata ta ce ita dai ta san ni ke ba da waƙa kullum. Sauran suka sunkuyar da kai. Dukansu sun amsa baitin nan da bakinsu, kuma kowace ta ga in laifin ya tsaya a kan mutum ɗaya, ita ta tsira. Malamin wasanni, wanda ya sha cewa muryata ta fi masa ɗan wasa guda, yana ta juya biro a hannu kawai.

Aka dakatar da ni sauran zangon, aka kuma hana 'yan mata tsayawa gefen fili. Na koma ɗaki haɗa kaya. Ƙawata ba ta shigo ba har na fita.

Labari ya riga ni isa gida. Da na sauka daga mota, matan da na saba gaisawa da su a bakin rijiya suka amsa mini sama-sama. Na shiga gida na tarar da ɗakin hatsi a buɗe, an share, ba kowa. Inna ta ce matar ta kwashe 'ya'yanta ta koma wani kango a ƙarshen gari tun ranar da ɗanta ya zo ya gaya mata. Baba ya bi ta ya roƙe ta ta dawo, ta yi godiya, ta ce can ma ya ishe su.

Yayana yana da bidiyon a wayarsa, domin ya gama zagaya garin. Inna ta sa ya kunna mata, ta kara a kunne, ta sa ya sake. Ta miƙa masa ta ce, "Wagga ba muryar ɗiyata ba ce." Ta koma bakin murhu. Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar wasan.

Baba ya dawo daga gona da la'asar. Ya yi salla, ya kira ni zaure. Na gaya masa komai tun daga wajen wanki. Ya saurara har na gama.

"Na yarda ba ke kinka yi ta ba," ya ce. "Na san abin da na haifa. Amma mutanen gari ba su sani ba, kuma ba ni iya bin su gida-gida. Matar nan amana ce Allah ya kawo muna. Yanzu da wane ido zan dube ta?"

Bai yi mini faɗan waƙar da na yi a ɓoye ba, ko da kalma ɗaya. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari na je wajen matar. Na same ta tana sussukar dawar wasu mutane a tsakar kangon. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da kyau, ta tambayi Inna. Na rantse mata ba ni ba ce. Ta ajiye taɓarya ta dube ni.

"Ɗiyata, ban ce ke ce ba. Amma zancen takalmi, a gidanku kaɗai anka san shi."

Ba ta faɗa da zafi ba. Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba. Na tashi na koma gida.

Sauran watannin na yi su a gida, ina taya Inna aiki, ina kai wa Baba abinci gona lokacin cirar albasa. Kullum ina duba waya ko ƙawata za ta kira. Na shirya maganganu iri-iri da zan gaya mata, na kuma shirya yafe mata in ta ce ta tuba. Ba ta kira ba.

Da zango ya zagayo Baba ya ce in koma. Na tarar ƙawata ta canja ɗaki, dokar takunkumi ma ta yi sanyi, kowa na yawo fuska a buɗe. Na ci karo da ita a bakin famfo tana jiran layi. Ta yi fara'a kamar jiya muka rabu.

"Ƙawa! Yaushe kika dawo? Ya su Inna?"

Na ce, "Me ya sa kika yi mini haka?"

Ta duba gefe ta ga ba mai sauraro, ta rage murya.

"Ke babanki mai haƙuri ne. Ni da an kore ni ko na mako ɗaya, yayana ba zai bari in sake taka makarantar nan ba. Na san ke za ki dawo. Ai ga shi kin dawo."

Na ce mata matar nan ta bar gidanmu, ɗanta ya daina ƙwallo, garinmu kaf ana nuna ni.

"Za su manta," ta ce. Layinta ya zo, ta tura bokitinta ƙarƙashin famfo.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Na zaci tsoro ne ya ruɗe ta a gaban kwamiti, magana ta kufce mata. Ashe ta zauna ta auna, ta ga ni ce zan fi iya ɗauka, ta ɗora mini. Kuma duk abin da ta auna da shi, haƙurin Baba da halin gidanmu, ni na gaya mata.

Mun gama makaranta ba mu sake zama wuri ɗaya ba. Na yi wasu ƙawaye, amma na lura ina taunar magana kafin in faɗa musu, ko da ba ta da wani muhimmanci. Yaron ya gama nasa karatun, ya kama wa uwarsa ɗaki a cikin Bakura. Mun haɗu sau ɗaya a tasha, na gaishe shi, na fara yi masa bayani. Ya ce, "Ya wuce," ya tada babur ɗinsa. Ban san ko ya yarda ba.

Bara na shiga Talata Mafara ranar kasuwa sayen atamfa, sai na ji an rungume ni ta baya. Ƙawar tawa ce, da goyo, tare da wata dattijuwa. Ta ce wa dattijuwar, "Mama, wannan ce aminiyata ta makaranta da nake ba ki labari. Ɗaki ɗaya muka zauna." Dattijuwar, wadda ashe uwar mijinta ce, ta yi ta sa mana albarka, tana cewa zumunci irin wannan ya yi wuya a zamanin nan. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata. Na leƙa fuskar jaririn na ce Allah ya raya. Ƙawar tawa ta ce in ba ta lambata, za ta kira ni mu yi hira sosai. Na ce mata motar garinmu ta kusa cika, na yi musu sallama na tafi.